"Na shirya" ko "na shirya kaina"? Muhawara a kan aikatau na shiri da tanadi

Hajara:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga malaman nahawu, a taimaka a warware mini. Jiya na rubuta sanarwa ga ɗalibai, na ce: "Kowa ya shirya kansa kafin ranar jarrabawa." Wani dattijo da muke aiki tare ya karɓi takardar, ya sa jan biro ya soke "kansa", ya bar "Kowa ya shirya". Na ce masa ai ma'anar ta ragu, ya ce ba ta ragu ba, ni ce na yi ƙarin da Hausa ba ta nema ba. Bai tsaya nan ba. Can ƙasa na rubuta "na shiryawa kaina jadawalin duba takardu", ya raba kalmar biyu, ta koma "shirya wa". Kunya ta hana ni ja da shi, amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ina laifin "shirya kansa"? Kuma in laifi ce, me ya sa ya bar "kaina" a jimla ta biyu?

Ɗanliti:
Wa alaikumus salam. Malama, ki gode Allah biyu kawai ya soke. Irin waɗannan dattawan in suka riƙe jan biro, takarda sai ta koma kamar an yi mata ƙaho.

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam, Malama Hajara. Dattijon nan ya san abin da yake yi. Bari in fara da mai sauƙin, wato raba kalma. "Shiryawa" a haɗe sunan aiki ne, kamar ki ce "ina shiryawa" ko "shiryawa ta fi gaggawa amfani". Ita kuwa "wa" da ke cikin "shirya wa kaina" kalma ce mai cin gashin kanta, aikinta ta nuna wanda aka yi abin dominsa. Ga gwaji mai sauƙi: cire sunan ki sa wakilinsa. "Na shirya wa Binta" zai koma "na shirya mata". Kin ga "wa" ta tashi, "mata" ta zauna a gurbinta, "shirya" kuwa tana nan yadda take. Abin da ke tashi shi kaɗai ya bar aikatau, wato kalmar aiki, ba jikin aikatau ba ne. Wannan ba ra'ayi ba ne, ƙa'idar rubutu ce.

Ta farkon ita ce mai ɗan zurfi. Aikatau "shirya" fuska biyu gare ta. Tana ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa: na shirya kaya, na shirya taro, na shirya littattafai a kan kanta. Tana kuma tsayawa ita kaɗai: na shirya. In ta tsaya ita kaɗai, ba ta bukatar a faɗi wanda aka shirya, don kowa ya san mai maganar ne. Uwa ba ta ce wa yaro "shirya kanka mu tafi", cewa take "shirya mu tafi". "Kai" yana cikin kalmar tun asali.

Hajara:
Na gane na biyun sarai, Allah ya saka da alheri. Amma Malam, na farkon fa, ni kullum ina jin "ku shirya kanku" a rediyo da wajen wa'azi.

Mansur:
Gafarta Malam, a nan zan ɗan saɓa maka. Ni aikina fassara ne, kuma na yarda cewa da yawa daga cikin "shirya kanka" da ake ji daga Turanci suka shigo, don can dole ne sau da yawa a kawo kalmar da ke mayar da aiki ga mai shi. Amma ba duka ba. In likita zai gaya wa mutum labari mai nauyi, ya ce "ka shirya kanka", ba daidai yake da "ka shirya" ba. Na biyun yana iya nufin ka sa riga ka ɗauki jaka. Na farkon zuciya ake nufi. Ko da aro ne, ya riga ya sami gurbi, kuma yana aikin da "ka shirya" kaɗai ba ta yi.

Malam Sabo:
Ban ƙi ta taka ba, Mansur. Sai dai Bahaushe yana da abin da yake faɗa a wannan gurbin tun kafin aron: ka daure, ka yi ta maza, ka natsu, ka kwantar da hankalinka. Amma na karɓi cewa in ana son a nuna shirin zuci ne ba na kaya ba, "kai" yana iya shigowa. Tambayar ita ce, a sanarwar Malama wane shiri ake nufi? Karatu da biro da zuwa da wuri. "Kowa ya shirya" ya ɗauke su duka.

Baba Iro:
Ku yara kuna wahalar da kanku. Ku gwada da wasu kalmomin ku gani. "Ya wanke kansa." Me kuka ji? Ko dai ya zuba wa kansa na bisa wuya ruwa da sabulu, ko kuma an zarge shi da laifi ya kawo hujja ya fita. Ba wanda zai ji cewa wanka ya yi. "Ta gyara kanta", ni kitso na ji. In mutum ya yi wanka cewa muke ya yi wanka, in ya yi ado ya yi ado, in ya yi aski ya yi aski. Mu ba mu ratayo "kai" a bayan kowane aiki. Ranar da ka ratayo shi, to ka faɗi wani abu dabam, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ɗanliti:
Baba, ka ce "kuna wahalar da kanku". Ga "kai" nan ka ratayo.

Baba Iro:
Ɗan nema. Ai "wahalar da" ba ta tsayawa sai da wanda aka wahalar. In na cire "kanku" sai in ce "kuna wahala", kalmar ma ta sake. Wannan hujjata ce, ba taka ba.

Zulai:
Baba ya taɓo ainihin wurin, bari in ɗora da abin da muka karanta a aji. Aikatau na Hausa saiwa ɗaya ce ke sauya wasalin ƙarshe da karin sauti, ma'ana ta bi ta sauya. Wani masani Bature, F. W. Parsons, shi ya kasa su giredi bakwai, wato rukuni bakwai, a 1960, kuma har yau da wannan rabon ake koyarwa, sai dai daga baya Paul Newman ya ƙara giredin sifiri don irin su ci, sha, ja, bi. In muka ɗauki saiwar "shiry-" kaɗai, ga abin da ke fita.

Shirya, giredi na ɗaya, karin sauti sama sannan ƙasa: na shirya kaya. Shiryo, giredi na shida, aikin ya nufo inda mai magana yake: shiryo kayanka ka zo. Shiryar da, na biyar, aikin ya fita daga mai yi zuwa wani: Allah ya shiryar da mu. Shiryu, na bakwai, abin ya karɓi aikin ya zauna: yaron nan ya shiryu. Sai "a shirye", wadda ke nuna halin da ake ciki bayan an gama: a shirye nake.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne giredi na biyu. Muna cewa "Allah ya shirye ka", muna cewa "Allah ya shiryi yaran nan". Wasalin yana sauyawa, -e kafin wakilin suna, -i kafin suna, kamar dai "na saye shi, na sayi littafi". Amma ba wanda zai ce "na shiryi kaya". Kaya ana shirya su, mutum ana shiryarsa. Saiwa ɗaya, amma da zarar wasali ya juya an tashi daga jera kaya an koma gyaran hali.

Hajara:
Ikon Allah. Kullum ina faɗin "Allah ya shirye ka" ban taɓa lura ba.

Baba Iro:
'Yata, ni wannan giredi-giredin ban san shi ba, kuma na yi shekara fiye da sittin ina Hausa ba tare da shi ba. Amma abin da kika faɗa gaskiya ne. Ki ƙara da wannan: "sun shirya". Mutum biyu da suka yi faɗa in aka ce sun shirya, ba jaka suka ɗaure ba. Kuma "ba ma shiri da shi" ba ta da alaƙa da tafiya.

Zulai:
Haka ne Baba. Kuma ba ka bukatar sunan giredin, a bakinka suka same shi suka sa masa lamba.

Ustaz Nura:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Wannan magana ta yi wa kai abu, Larabci ya ware mata awo na musamman a sarfu, wato ilimin ginin kalma. Akwai "kasaba" akwai "iktasaba", duka suna cikin ayar ƙarshe ta Baƙara, aya ta 286. Akwai "akhaza", ya ɗauka, da "ittakhaza", ya riƙa wa kansa. Akwai "a'adda", ya shirya wani abu, da "ista'adda", shi ya shirya. Amma wanda ya fi fitowa fili yana farkon Suratul Muɗaffifin, aya ta 2 da ta 3: "iktalu" su ne suka karɓi awo don kansu, "kalu" su ne suka auna wa wasu. Saiwa ɗaya, harafi ya ƙaru, alkiblar amfanin ta juya. Tambayata ga Malama Zulai: Hausa tana da irin wannan a jikin aikatau, ko dole sai an kawo "wa kaina"?

Zulai:
Allah ya gafarta Malam, tana da shi, kuma misalinka ma ya faɗo daidai. "Auna" ta giredi na ɗaya ita ce a gwada nauyi ko yawa. Amma "na auni kaza" ko "na auno kaza", saye na yi, awon ya dawo gare ni. "Aunar da" kuwa sayarwa ce. Ga wasu:

Na ari littafi, ni na karɓa. Na ara masa littafi, ni na bayar.
Na ranci kuɗi. Na ranta masa kuɗi.
Na koyi ɗinki. Na koya masa ɗinki.
Na sayi keke. Na sayar da keke.

A kowane, na farkon giredi na biyu ne, kuma abin hannun mai aikin yake shigowa. Ka duba sauran 'yan gidan: ɗauka, karɓa, nema, zaɓa, roƙa, samu, tanada. Duk jawowa ne. Don haka ba ka bukatar ka ce "na ara wa kaina littafi", "na ari littafi" ta riga ta faɗa.

Mansur:
Tsaya, Zulai. Kada mu yi saurin kafa doka. Na doki jaki. Na mari yaro. Na harbi tsuntsu. Na tambayi malam. Na zagi wane. Duk -i ne kafin suna, duk giredi na biyu ne. Me ya shigo hannuna da na mari yaro, ban da zafin tafi?

Ɗanliti:
Uban yaron ne zai shigo hannunka.

Zulai:
Ban ce doka ba ce, Yaya Mansur. Na ce akwai gungu babba a cikin giredin da ke da wannan ma'ana, kuma inda aka sami tagwaye irin ara da ranta da koya, kullum giredi na biyu ne mai jawowa. Ba ka taɓa samun akasin haka, a ce "na ari" tana nufin bayarwa. Su doka da mara wani gungun ne. Masana sun daɗe suna kai-kawo a kan ko akwai ma'ana guda da ta haɗe giredi na biyu duka, kuma ba a nan zauren za mu rufe wannan ba.

Mansur:
To in haka ne na yarda. Abin da nake gudu shi ne ɗalibi ya ɗauka duk inda ya ga -i to "don kai" ne.

Malam Sabo:
Ku ba ni dama in koma kan tambayar Malama ta biyu, don ita aka bari a baya: me ya sa dattijon ya bar "kaina" a "na shirya wa kaina jadawali"? Misalin "koya" da Zulai ta kawo shi ne mabuɗin. Ku saurari waɗannan biyun:

Na koyi ɗinki.
Na koya wa kaina ɗinki.

Duka biyun ni na iya ɗinki a ƙarshe. Amma na farko bai ce komai a kan malami ba, mai yiwuwa akwai shi. Na biyu ya ce babu shi, ni ne malamin ni ne ɗalibin. Wato "wa kaina" raba mutum take biyu, ta tsayar da shi a gurbin mai yi da gurbin wanda aka yi wa. Ana kawo ta ne inda aka saba wani ke yi wa wani. Jadawali abu ne da aka saba hukumar makaranta ke shirya wa malamai. Da Malama ta ce "na shirya jadawali", sai a ɗauka na kowa ne. Da ta ce "na shirya wa kaina", an san nata ne ita kaɗai. A nan "kai" yana da aiki, shi ya sa jan biro ya tsallake shi. A "kowa ya shirya kansa" ba shi da aiki, don ba wanda ya zaci wani ne zai zo ya shirya ɗalibin.

Hajara:
Yanzu na gane. Wato ba "kai" yake ƙi ba, zaman banzansa yake ƙi.

Malam Sabo:
Kin faɗa fiye da yadda na faɗa.

Ummi:
Don Allah ni sabuwa ce a zauren. "Shiryawa kaina" ake rubutawa ko "shirya wa kaina"?

Ɗanliti:
Hajiya, hau sama kaɗan, an riga an yanka an feɗe.

Ummi:
Na gani, afuwan. To bari in yi wata. Mene ne bambancin "da kaina", "don kaina" da "wa kaina"? Ni duk ɗaya nake jin su.

Baba Iro:
Ba ɗaya ba ne, 'yata. Na gyara ɗakin da kaina: ban aiki kowa ba, hannuna ya yi. Na gyara wa kaina ɗakin: ni zan zauna a ciki. Na gyara ɗakin don kaina: ba wanda ya sa ni, ko kuma ba don in burge wani na yi ba. Kina iya gyara ɗaki da kanki amma baƙo za a sauke a ciki. Kina iya sa yara su gyara, ke ce mai ɗakin. Har ukun suna haɗuwa a magana ɗaya ba wanda ya taka wani: na gyara wa kaina ɗakin da kaina, kuma don kaina na yi.

Sannan kada ki ɗauka "wa kai" kullum alheri ne. Ya jawo wa kansa. Ya ɓata wa kansa suna. Kai ka yi wa kanka. Ita "wa" ba ruwanta, wanda abin ya sauka a kansa kawai take nunawa, daɗi ne ko wuya.

Mansur:
Tunda an zo nan, akwai abin da ke ba ni ciwon kai a wajen aiki: zaɓi tsakanin shirya, tsara, tanada, kimtsa da daidaita. Turanci yakan kawo kalma ɗaya, ni kuma in tsaya da biyar a hannu. Yadda na raba wa kaina su shi ne: shirya tana kallon abin da ke tafe, akwai tafiya ko taro ko jarrabawa a gaba. Tsara tana kallon jeri, me ke gaba me ke biye. Kana iya tsara abin da ba za ka taɓa yi ba, amma in ka ce ka shirya, to an kusa. Tanada ita ce ka samo abu ka ajiye tun kafin bukatarsa ta zo. Kimtsa tattarawa ce, abin da ya watse a mai da shi wuri ɗaya cikin natsuwa. Daidaita kuwa sai akwai abin da ya karkace ko biyu da suka saɓa, ai daga "daidai" aka gina ta. A gyara mini in na kauce.

Malam Sabo:
Ba ka kauce ba. Zan ƙara abu ɗaya da ya shafi zancenmu. A cikin biyar ɗin, shirya da kimtsa ne ke komawa kan mai magana in aka bar su su kaɗai. Na shirya, na kimtsa, duka ni ne. Amma in ka ce "na tsara" ka yi shiru, sai a tambaye ka, ka tsara me? Haka "na tanada", ana jiran a ji abin, ko an riga an ambace shi. Saboda haka su waɗannan in kana son ka nuna naka ne, dole ka kawo "wa kaina": na tsara wa kaina lokaci, na tanadar wa kaina abin da zan bukata.

Kuma kimtsa tana da zurfin da shirya ba ta da shi. In an ce wane kimtsattse ne, ba ana nufin ya ɗaure kaya ba, mutum ne mai kamun kai. A nan ma "ka kimtsa kanka" tana shiga, amma faɗa ne, ba umarnin sa riga ba.

Hajara:
Malam, ka ce "tanadar wa". Ni "tanada wa" na sani. Wanne ne daidai?

Zulai:
Duka, Anti. Aikatau na giredi na biyu ba ya shiga gaban "wa" da kamanninsa na asali. Ba a cewa "na nemi wa kaina" ko "na tanadi wa kaina". Sai ya ari wata riga. Ko dai ya koma kamar na ɗaya: nema wa, zaɓa wa, tanada wa. Ko ya ɗauki -r: nemar wa, zaɓar wa, tanadar wa. In wakilin suna ya biyo, -r ɗin ma takan narke ta zama -m a baki: ya nemam mini, ya zaɓam masa. Kuma kada -r ɗin nan ta ruɗe ki da ta "sayar da". "Na nemar wa kaina aiki" nema ne dai, ba a juya ma'anar ba.

Ki duba "samu" ki ga yadda riguna suke da yawa: na sama wa kaina, na samar wa kaina, na samo wa kaina. Na ƙarshen ya ƙara da cewa can na je na zo da shi.

Bello:
Mu a wajenmu ba ma cewa "wa" sam. "Na shirya ma kaina", "na tanada ma yara". In na rubuta haka kuskure ne?

Malam Sabo:
Ba kuskure ba ne a magana, Malam Bello, karin harshe ne, kuma masu faɗin "ma" suna da yawa ƙwarai, musamman a Hausar yamma irin ta Sakkwato da Katsina. Daidaitacciyar Hausa dai "wa" ta ɗauka kafin suna. Abin lura shi ne "ma" ɗin ce ke cikin mani, maka, maki, masa, mata, mana, maku, masu. Wato ko mai cewa "wa" yana komawa gidanku da zarar wakilin suna ya zo. In takardar hukuma ce ko jarrabawa, rubuta "wa". In labari kake rubutawa kana sa magana a bakin mutum, bar shi da "ma" ɗinsa. Amma ita ma a rabe ake rubuta ta.

Bello:
Madalla. Ashe mu ne da asali.

Ɗanliti:
Kada ka tayar da wannan, Bello, yau ba ranar faɗan Kano da Sakkwato ba ce. Ni tambayata ga Mansur: ka ce tsara jeri ce. To saurayin da aka ce ya tsara budurwa, a layi ya sa ta?

Mansur:
Kalamai ya jera mata, ɗaya bayan ɗaya, har ta yarda. Jerin yana nan, ba ita aka jera ba.

Zulai:
Wasa wasa Ɗanliti ya tuno mini da tarkon da ke cikin "tsara". Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. "Takardun suna a tsare" da "mutumin yana tsare" harafi ɗaya ne a ido, amma na farko wasalinsa dogo ne, daga tsara, na biyu gajere ne, daga tsare ta gadi da kullewa. Haka "tsari": akwai tsarin mulki, dogo, akwai neman tsari daga sharri, gajere. Na taɓa ganin an rubuta "an tsare ma'aikata gaba ɗaya" ana nufin an raba musu aiki, mai karatu kuwa ya ɗauka 'yan sanda sun kwashe su. In kana shakka, sauya kalma, ka ce an tsara musu aiki.

Ustaz Nura:
Wannan -e ta ƙarshe ma ina lura tana da wani hali idan ta haɗu da "wa kansa". Ya ware wa kansa, ya keɓe wa kansa, ya kwashe, ya saye, ya tattare. Sai in ji kamar akwai zargi a ciki.

Zulai:
Giredi na huɗu ke nan, Malam. Ma'anarsa ƙarewa ko rabuwa: ya sayi littattafai, wasu ne, ya saye littattafan, bai bar ko ɗaya ba. In ka ɗora "wa kansa" a kan wanda bai bar komai ba, ai ka zana mai son kai ko ba ka kira sunan ba. "Ya zaɓa wa kansa kujera" labari ne kawai. "Ya keɓe wa kansa kujerun gaba" ƙorafi ne.

Baba Iro:
Shi ya sa in an ce maka gyara kayanka, ba a ce sauke mu raba ba. Mai keɓewa ko gyaran ba ya son ji.

Mansur:
Kafin a watse, ni dai ina nan a kan bakana game da "shirya kanka" ta zuci. Nan da shekara ashirin ba wanda zai ji ta baƙuwa.

Malam Sabo:
Mai yiwuwa. In ta zauna da ma'anarta ta daban, Hausa ta ƙaru da abu ɗaya. Abin da ba na so shi ne ta kori "shirya" tsura, har a wayi gari yaro ya ji "na shirya" ya tambaya, ka shirya wa? A nan an yi hasara, don abin da kalma ɗaya ke ɗauka ya koma sai biyu.

Mansur:
A kan wannan ba mu da saɓani.

Hajara:
Na dawo da labari. Na sake rubuta sanarwar da safen nan, na bi duk abin da aka faɗa a nan, na share "kai" duk inda na gan shi. Na rubuta: "Kowa ya shirya kafin ranar jarrabawa. Kowa ya tanadi biro biyu. Ranar Laraba kowa ya zo ya karɓi katinsa." Na kai wa dattijon ina taƙama. Ya karanta, ya gyaɗa kai a layi na farko, ya gyaɗa a na biyu. Da ya zo na uku sai ya zare jan biron, na ce yau kuma me ya rage a soke? Bai soke komai ba. Ya ɗan buɗa tsakanin "ya zo" da "ya karɓi", ya rubuta "da kansa". Ya ce bara rabinsu ƙannensu suka aiko.